Injin Waifar Fijo 504: A Gyara Ko A Sauya?

Mai 504 daga Zariya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da Fijo 504 ƙirar Kaduna wadda na gada daga mahaifina, kuma ina ta ƙoƙarin mayar da ita yadda take a zamaninsa. Da aka yi ruwan farko na bana na kunna waifa, sai ta riƙa jan jiki kamar mai ciwon baya, ta hau rabin gilashi ta tsaya, kuma idan na kashe ta ba ta komawa mazauninta. Wani mai wayarin ya ce injin ya mutu, in sayi na wata ƙaramar mota a ɗaura. Ni kuwa ba na son a huda jikin motar nan. Ina neman shawararku.

Dattijo mai wayarin, Kaduna: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka yi gaggawar yanke wa injin hukunci, domin a cikin irin waɗannan da aka kawo mini tsawon shekaru, waɗanda suka ƙone da gaske su ne 'yan kaɗan. Ka tuna cewa a ƙasarmu waifa tana zaune ne tun daga Oktoba har Mayu babu mai taɓa ta, ƙurar hunturu tana shiga ramukan da sandunan waifa suke juyawa a ciki, zafin bazara kuma yana busar da giris ɗin da ke cikin akwatin giya har ya koma kamar sabulun salo. Abin da za ka fara yi shi ne ka raba injin da ƙarafan da yake ja, bayan ka yi alama da fenti a kan yadda ɗan hannun da ke haɗa injin da ƙarafan yake zaune, sannan ka motsa ƙarafan da hannunka. Idan sun yi tauri, to laifin nasu ne, injin wahala kawai yake sha. Idan kuwa suna tafiya sumul, sai ka ba injin wuta kai tsaye daga batir ka saurari muryarsa.

Mai Marsandi 200, Kano: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina da ƙari a kan wayar da ke komawa jikin mota. Injin waifa yana zaune ne a kan robobi saboda rage ƙara, don haka ba ya samun haɗuwa da ƙarfen mota sai ta wata 'yar waya, kuma idan tsatsa ta ci wurin da aka ɗaure ta, injin zai yi ta sanyin jiki ko da lafiyarsa ƙalau. Ni na sha wahalar wannan har na sayi wani injin a Ƙofar Ruwa, na ɗaura shi ya yi irin halin na farko. Idan naka ƙirar Bosch ne, ka duba lambobin da ke jikin soket ɗin: 53 ita ce ta gudun a hankali, 53b ta gudun sauri, 53a ita ce mai wuta kullum da zarar an murɗa makulli, wadda take mayar da waifa gida, 31 kuma ita ce ta jikin mota.

Mai 504 daga Zariya: Na gode ƙwarai, Baba, na gode Alhaji. Na raba su kamar yadda aka ce. Sandar ɓangaren direba ta cije har sai da na jiƙa ta da kananzir kwana guda. Injin yana juyawa a kan batir, amma yana gurnani kuma yana ɗaukar zafi da wuri.

Dattijo mai wayarin, Kaduna: To, yanzu sai buɗewa. Ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka, domin akwai ƙananan wasoshi masu siriri da ke ƙarƙashin babbar giya waɗanda idan ɗaya ya ɓace tafiyar ba za ta sake daidaita ba. Ka kwashe tsohon giris gaba ɗaya, ka wanke da kananzir, ka bar shi ya bushe. Daga nan ka duba burushin kabon. Mai gudu biyu yana da guda uku, na ukun shi ne na sauri. Idan sun cinye har sifirin ɗinsu ba ya danna su, a nemo wasu a goge su daidai ramin. Jan ƙarfen da suke gogawa a kan amecha kuwa, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin injin, ka share shi da samfefa mai laushi sosai, sannan ka bi tsakanin layukansa da tsinke ka fitar da baƙin garin kabon, saboda wannan garin ne yake haɗa wuta inda bai kamata ba, shi ya sa kake jin zafi.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bugi gwangwanin injin da guduma. Maganaɗisun da ke ciki manna shi aka yi, kuma yana fashewa kamar tangaran. Yaran gareji suna da wannan ɗabi'a ta bugun duk abin da ya ƙi tashi, kuma da yawan injinan da ake cewa sun mutu, guduma ce ta kashe su.

Mai Landiroba, Jos: Tawa matsalar daban ce amma darasin ya zo ɗaya. Motocin Ingila irin su Mini da Landiroba Series III suna amfani da injin Lucas 14W, wanda ba ƙarafa yake ja ba, wata doguwar waya ce mai zobba yake turawa yana jawowa a cikin bututu, ita kuma tana juya wasu ƙananan giyoyi a gindin kowace sanda. Lafiyayyen 14W da aka cire masa wayar yana cin kusan amfiya 1.5 ne a gudun a hankali, don haka idan mita ta nuna abin da ya zarce wannan nesa ba kusa ba, akwai abin da ke riƙe shi a ciki. Abin da nake so mai 504 ya ɗauka daga nan shi ne, faɗin sharar waifa ba daga ƙarfin injin yake ba, daga tsawon ɗan hannun da ke kan giya ne. A Lucas har rubuta digirin ake yi a jikin giyar. Wanda ya ɗaura injin wata mota tare da ɗan hannun da ya zo da shi zai ga waifa tana dukan gefen gilashi, ko kuma ta bar wurin da idon direba yake ba ta share ba.

Mai Marsandi 200, Kano: Duk da haka, ni ban ga aibi ba idan mutum ya samu irin injin sak a kasuwar Panteka ta Kaduna ya ajiye. An daɗe ana harhaɗa 504 a Kaduna tun daga shekarun 1970 har bayan 2000, saboda haka kayanta ba su yi wuyar na sauran tsofaffin motoci ba. Giyar roba idan haƙoranta suka zube babu gyara, dole sai an ciro daga wani.

Dattijo mai wayarin, Kaduna: Na yarda da ajiye na biyu don cire kaya, Alhaji, amma shi ma na Pantekan shekarunsa ɗaya da wannan, kuma giris ɗinsa ya bushe kamar na wannan. Batun rashin komawa gida kuwa, ɗana, ka juya babbar giyar za ka ga wani faifan ƙarfe mai giɓi, da wasu 'yan yatsun jan ƙarfe suna bin sa. Su ne suke riƙe wuta bayan ka kashe makunni har sai waifa ta sauka. Ka goge su su yi haske, ka ɗan lanƙwasa su kaɗan don su danna, kada ka cika musu giris. Kafin ka mayar da ɗan hannun, ka kunna injin ka kashe shi ya tsaya da kansa, sannan ka ɗaura a kan alamar fentinka.

Mai 504 daga Zariya: Alhamdu lillahi, Baba, an haɗa jiya da yamma. Burushi ɗaya ya cinye, ɗan yatsa ɗaya kuma ya yi kore shar. Na zuba ruwa a gilashi na gwada, gudu biyun duka suna aiki kuma tana sauka mazauninta. Saura robobin waifar, waɗanda rana ta mayar kamar ƙirgi. Ko akwai wanda ya san inda ake samun robar zalla da zan zura a tsohon ƙarfen? Ba na son in rabu da na asalin.