Maganin kare ƙwaƙwalwa bayan shanyewar ɓarin jiki, akwai shi kuwa?

Ɗan Tibiri: Salam jama'a. Kawuna ya samu AVC, wato shanyewar ɓarin jiki, jini ya toshe mishi a kai, wani ya ce akwai maganin da ke hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa mutuwa. Mi sunanshi, ana samu a farmasi nan Maraɗi?

Uwar Biyu: Allah ba shi lafiya ɗana. Ku dai kula da hawan jininshi, ku rage gishiri.

Ɗalibin Likitanci: Ɗan'uwa ga yadda abin yake, in jini ya yanke ƙwayoyin sai su zubo wani sinadari, gulutamet, da yawa, ya buɗe wasu ƙofofi na jikin ƙwayoyin da ake ce ma NMDA, kalsiyam ya yi ta kwarara ciki har ƙwayar ta mutu. An yi magungunan toshe ƙofofin, irin MK-801, a ɓeraye sun yi aiki sosai amma da aka gwada irinsu selfotel ga mutane babu nasara, wasu ma gane-gane suka riƙa yi. Memantin, wanda shi ma ke toshe ƙofofin, na ciwon mantuwa ne, kar ka saya. Abin da ke aiki shi ne alteplaz mai narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi daga farawar ciwon, bayan an duba kai da sikana.

Ɗan Tibiri: Kash, mu kwana biyu muka yi kafin mu kai shi asibiti wallahi. To gashin ƙashi fa, yaushe za a fara?