Me ya kamata in saurara a faifan farko na John Coltrane?

Auwalu:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka daɗe da sauraron kiɗan jaz. Na fara sanin John Coltrane, Ba'amurke mai busa saksofon, ne ta faifansa A Love Supreme na 1965, daga baya na nemo wanda ya fara fitarwa da sunansa a kamfanin Prestige a 1957, mai suna Coltrane. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, zafin busar da na san shi da shi ban same shi a nan ba. Shin akwai abin da ya kamata in kasa wa kunne, ko kuwa faifai ne na masu sha'awar tarihi kawai?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Sanin halin da Coltrane yake ciki a lokacin zai taimaka maka ƙwarai. A watan Afrilun 1957 Miles Davis, shahararren mai busa kakakin jaz, ya sallame shi daga ƙungiyarsa saboda shaye-shayen da ya yi masa katutu, sai ya koma gida Filadelfiya ya yaƙi abin har ya rabu da shi. Ranar 31 ga Mayu ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder a garin Hackensack na jihar New Jersey, lokacin Coltrane yana da shekara 30, aka ɗauki faifan gaba ɗaya a yini guda. Saboda haka, busar da kake ji ta mutum ce da bai daɗe da farfaɗowa ba, wanda kuma karon farko ke nan da ragamar aiki take hannunsa.

Hajiya Rabi:
Tarihin yana da amfani, amma ni a ganina faifan yana iya tsayawa da ƙafarsa. Malam Auwalu, ka koma kan kiɗan Violets for Your Furs da ke cikin faifan, inda aka ajiye sauran masu busa, ya rage Coltrane da Red Garland a fiyano, Paul Chambers a bas (babban kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti), da Albert Heath a ganga. Ka lura da yadda yake riƙe sauti ɗaya ya miƙe da shi sak, kusan babu karkarwar da yawancin masu busa saksofon na zamaninsa suke ƙawata kiɗa mai taushi da ita, sannan ya sauke shi a hankali kafin numfashinsa ya ƙare. Wannan muryar ce ya tafi da ita har rasuwarsa a 1967. Kada kuma ka tsallake Bakai da ke buɗe faifan, domin yadda babban saksofon na Sahib Shihab yake maimaita jimla ɗaya a ƙasa, sauran suna hawa kanta, yana da nauyi sosai.

Nura:
Hajiya, na yarda da ke a kan taushin, sai dai ba zan ɓoye ba, faifan bai kama ƙafar faifansa Blue Train ba, wanda aka ɗauka a watan Satumbar wannan shekarar a kamfanin Blue Note. Tsakanin biyun ya yi watanni yana aiki da mai kaɗa fiyano Thelonious Monk a gidan kiɗa na Five Spot a New York, kuma bambancin a bayyane yake. Shawarata ita ce Malam Auwalu ya saurari Straight Street daga faifan farko, wadda Coltrane ya tsara da kansa, nan take ya bi ta da Moment's Notice daga Blue Train, zai ji yadda salon tsarinsa ya ƙara sauri da sarƙaƙiya.