Abin da masu ceto suka ce kan wanka a teku

A hirar da aka yi da masu ceto a bakin tekun Legas, abin da suka fi nanatawa shi ne igiyar ruwan da ke ja zuwa tsakiyar teku. Ɗan Arewa da ya koyi iyo a kududdufi ko dam ɗin Tiga yakan ɗauka ruwa duk ɗaya ne, to ba haka ba ne. In igiyar ta ɗauke ka, kada ka yi kokawa da ita, gajiyar ce ke kisa. Ka yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ka fita daga cikinta, ko ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu.

Jar tuta a bakin teku na nufin kada a shiga ruwa. Tsakanin tutoci masu ja da rawaya ne masu ceto ke sa ido.

Wani abu da ya ba ni mamaki: mai nutsewa ba kasafai yake ihu ba. Shi ya sa ko a wurin wankan otal ba a barin yaro ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba. In ba ka iya ceto ba, jefa wa mai nutsewar igiya ko jarka rufaffiya, ka kira mai ceto.