Mai lalurar gani zai iya horar da karensa da kilika, ko a kai wa mai horo?

Baban Ikram, Jos: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hawan jinin ido ya tafi da ganina, haske da duhu kawai nake bambancewa. Ina da ɗan kare gaurayen irin da ake kira Labrador, bai cika shekara ba. Ba titi nake so ya fitar da ni ba, farar sandata ta ishe ni. So nake ya zo in na kira shi, ya kai ni ƙofa, ya nemo min kujera. Wani mai horo ya ce in bar masa shi wata ɗaya a kan naira dubu 150. Ƙanena kuma ya kawo min kilika, 'yar robar nan da ake dannawa ta yi ƙas sannan a ba kare lada. An ce sai an danna daidai lokacin da ya yi abin da ake so. Ni da ba na ganinsa, yaya zan gane lokacin? Ƙarshen wata zan ba mai horon amsa.

Abu Sadik: Malam, don Allah kar ka bari kare ya tsallaka da kai titi. Masu Keke a Terminus ko mai ido ba su ƙyale ba.

Ummu Hanan, Leicester: Wa'alaikumus salam Yaya. Ni ma ba na gani, kuma da kilika na koya wa karyata nemo maɓallin da ake dannawa a tsayar da motoci don a tsallaka titi. Hannunka da kunnenka sun isa. Fara da dannawa ka ba shi ƙwayar abinci ɗaya, ka yi ta maimaitawa har ya gane ƙas na nufin abinci na tafe. Sai ka miƙa masa dunƙulen hannunka. Da ka ji sanyin hancinsa a fatarka, danna. Nan ba ka buƙatar ido, jikinka ne zai gaya maka. In ya ƙware, ɗora hannun a kan mariƙin ƙofa, ya taɓa, ka danna. Ja baya taku ɗaya, sake, taku biyu, a haka har ya riƙa kai ka daga tsakar gida. Wajen koya masa zama kuma, ɗora yatsu a ƙugunsa, za ka ji saukarsa. Ka ɗaura masa 'yar ƙararrawa a wuya. Ladan ka sa masa a baki, kar ya faɗi ƙasa, don zai koyi kiwo a ƙasa ya bar aikinka.

Ɗan Kawo, Kaduna: Baban Ikram, ka ji tsoron Allah kar ka ba kowa karenka. Ni dubu 80 na biya wani mai horo. Kare mai wasa, da ya ji ƙarar sandata zai rugo ya dafa ni. Da aka dawo min da shi na shafa wuyansa, gashin ya zube zagaye, ga ɓawon ciwo. Sarƙar shaƙewa aka yi masa amfani da ita. In na ɗaga hannu zan shafa shi sai ya kwanta yana rawar jiki. Kuma muryar mutumin kaɗai yake bi, ni in na ce zauna ko motsi ba ya yi. Na kira mai horon, ya ce ai ni ne ban iya ba da umarni ba, wai makaho ina shi ina kare. Wannan maganar ta fi kuɗin ci min rai. Har yau karen ba ya kwana in ba a ƙarƙashin gado ba.

Hajiya Mairo: Innalillahi. Allah ya isar maka ɗana. Bai mayar da kuɗin ba?

Ɗan Kawo: Ko kwabo, Hajiya. Lambata ma ya toshe.

Injiniya B., Abuja: Dubu 80 ai dole. Nan dubu 400 aka ce min, kuma a gabanka ake yi. Arha ce ta jawo.

Ɗan Kawo: Wato ni na jawo wa kaina?

Mai Horo Yusha'u: A yi haƙuri, ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Wannan hanya tana da tushe. Daga binciken wani masanin halayya mai suna B.F. Skinner ta fito, wata mata mai suna Karen Pryor da ta horar da dabbobin ruwa a Hawaii ta yaɗa ta ga masu karnuka, kuma makarantar horar da karnukan jagorar makafi, Guide Dogs for the Blind ta California, wadda aka kafa a 1942, da ita take aiki. Amma in ka makara da daƙiƙa ɗaya, wani abu daban ka saka wa lada. Shawarata mai ido ya riƙe kilikar, Malam ya riƙa ba da abinci. Ina sayar da mai kyau dubu 9.

Abu Sadik: Dubu 9? Dubu 2 na gani a intanet.

Ummu Hanan: Malam Yusha'u, makarantar da ka ambata makafin da kansu take koya wa dannawa bayan ta ba su kare. Rufe idonka ka gwada hancin kare a hannunka, za ka riga mai kallo dannawa. Yaya, in hannu ya cika da sanda da igiya, ƙas da harshe ma ya wadatar, muddin sautin bai canja ba.

Mai Horo Yusha'u: Hajiya, taki karyar ƙwararru suka gama horar da ita kafin ta zo hannunki. Nasa ɗanye ne.

Ɗan Kawo: Gara shawarar wadda ke cikin duhun da muke ciki da ta mai neman ciniki.

Sarkin Shayi: Jama'a, in dai ƙas ɗaya kilishi ɗaya ne, ni ku ɗauke ni. Kujera har da tabarma zan nemo.

Ummu Hanan: Kai dai ci kayanka, kar a ba kare. Albasar da ke cikin yajin guba ce gare shi. A ɗebi ladan daga abincinsa na yini.

Malam Habu: Ni tambayata, kare a cikin ɗakin Musulmi?

Hajiya Mairo: Malam, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma Suratul Ma'ida aya ta 4 ta ambaci dabbobin farauta da aka horar. Wannan ma lalura ce.

Malam Habu: Farauta da kiwo da gona na sani. Ya je ya tambayi malaminsa.

Ummu Hanan: A nan Leicester tun 2008 wani masallaci ya keɓe wa karen wani matashi makaho wurin jira. Amma har yau direban tasi zai zo, ya hango karyata, ya ja motarsa in ji tafiyarsa ina tsaye cikin ruwan sama. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta hakan a Ingila. Abin da ke ƙona min rai, na ƙarshen da ya yi min sai da ya amsa sallamata.

Injiniya B.: Ku ma kuna da inda za ku kai ƙara. Mu an sa wa dokar masu buƙata ta musamman hannu tun Janairun 2019, je ka tsaya da farar sanda a tasha ka ga ko akwai mai kula ka.

Ɗan Kawo: Ni ba kare ba komai mai Keke ya ce in biya kuɗin mutum biyu, wai shigata na ɓata masa lokaci.

Abu Sadik: A wane layi ne? In Kawo zuwa Kasuwa ne ku haɗu ku je wajen shugaban tashar, ni zan raka ku.