Shin sanyin Ingila irin hunturunmu ne?

Ɗalibi daga Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah cikin ikonsa ya ba ni gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a da ke arewacin Ingila, kuma ana sa ran in isa can a watan Satumba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne batun yanayi. Na duba alƙaluma na ga cewa a watan Janairu ma'aunin zafi a can yakan kai digiri 6 ko 7 da rana, da dare kuma ya sauka zuwa 1 ko 2. Mu a Kano, idan hunturu ya kankama, yakan sauka zuwa 12 ko 13 da asuba, kuma da rigar sanyi ɗaya muke fita masallaci. Shin wannan tazarar ce kaɗai bambancin, ko akwai abin da alƙaluma ba sa nunawa? Sannan kayan sanyin da ake samu a Ƙofar Wambai za su wadatar, ko in bari sai na isa?

Mazaunin Leeds ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun, ƙanena. Gaskiya akwai abin da alƙaluma ba sa nunawa, kuma shi ne ya fi wahalar da baƙo.

Sanyinmu na gida busasshe ne, kuma yana da lokacin tashi. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso shi daga Sahara tare da ƙura, ka wayi gari leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, amma da hantsi ya ɗaga sai ka ga dattawa sun fito da tabarma suna shan rana a jikin katanga, kafin azahar kuma kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Na nan Leeds, a arewacin Ingila, kuwa jiƙaƙƙe ne, kuma ba ya tashi. Iska daga tekun Atlantika take zuwa ɗauke da danshi, ta ratsa tufafi ta zauna a jiki, rana kuma tana iya yin kwanaki a bayan gajimare, idan ma ta leƙo ba ta da ɗumin da za ka ji a fata. Idan ka shanya wanki a ɗaki yana iya kwana biyu bai bushe ba, kuma idan ba ka buɗe taga lokaci-lokaci ba za ka ga baƙar fumfuna ta fara cin kusurwar bango.

Ruwan sama ma haka yake. Mutane suna ɗauka Ingila ta fi mu ruwa, alhali abin da ke sauka a Landan a shekara bai wuce milimita 600 da 'yan kai ba, wanda Kano kan zarce shi a shekarar da damina ta yi kyau. Namu yana zuwa ne cikin wata huɗu ko biyar, da hadari da tsawa, ya zuba ya ɗauke. Nasu a rarrabe yake cikin wata goma sha biyu, kamar markar watan Agusta ce da ba ta san ƙarshe ba, yayyafi yau, yayyafi gobe.

Amma abin da na fi so ka shirya wa shi ne duhu. A Kano tsawon yini ba ya canzawa sosai, bambancin rani da damina bai wuce awa ɗaya da rabi ba. A nan, a ƙarshen Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk za su same ka a cikin awa huɗu, sau da yawa kana aji, don haka ka nemi ɗakin sallar jami'a tun makon farko. A watan Yuni kuma abin ya juye, magariba sai bayan ƙarfe 9 na dare, shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya na tsawon makonni, shi ya sa masallatai suke saɓawa a kan lokacin isha'i da asuba. Waɗanda suka yi azumi a nan a shekarun 2015 zuwa 2017 sun riƙa kama baki na awa 18 ko fiye, amma kai ka zo a sa'a, domin Ramadan yanzu yana matsowa cikin watannin sanyi. Wannan ƙarancin rana ne ya sa hukumar lafiya ta ƙasar take ba da shawarar shan sinadarin bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata irinmu kuma su duba yiwuwar sha duk shekara.

'Yar Damagaram a birnin Montreal na ƙasar Kanada ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara cewa ba duk sanyin ƙasashen waje ne iri ɗaya ba. Montreal ta fi Landan kusa da layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu, kudu da arewa, duk da haka a nan Janairu yakan tsaya wajen digiri 10 ƙasa da sifili, wasu ranakun ya wuce 20, kuma dusar ƙanƙara tana kwance a ƙasa daga Disamba har Maris. Dalili shi ne ruwan ɗumi da ke gangarowa ta tekun Atlantika daga wajen Mekziko yana sassauta wa Ingila, mu kuwa iskar arewacin Kanada ce ke sauko mana kai tsaye.

Abin mamaki, cikin gida a nan ya fi tuna mini da Damagaram. Na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska ƙwarai, har yara su riƙa haɓo, fata ta yi fari fat, kuma man kaɗanyar da nake sa a aiko mini shi ne maganin abin. Ɗan'uwa, ka sa shi a jakarka. Game da tufafi, ra'ayina shi ne ka sayi na ciki a gida, wato suwaita da safa masu kauri da hula, domin hikimar ita ce a jera riguna biyu ko uku marasa nauyi, ta yadda idan ka shiga aji mai ɗumi za ka rage. Babbar rigar waje wadda ruwa ba ya ratsawa da takalmi mai kyau kuwa, ka bari sai ka isa.

Malamin makaranta daga Sakkwato ya amsa:

Ni ina da ɗan ja a kan yadda muke maganar nan, kamar yanayinmu sauƙi ne zalla, nasu kuma shi ne jarrabawa. Wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ma'auni ya haura digiri 40 kwana da kwanaki, ga ɗaukewar wuta, ga fargabar sanƙarau ga yara masu kwana a ɗaki a cunkushe, ya san cewa mu ma muna ɗauke da nauyi, sabo ne kawai ya sa ba ma lissafa shi. A ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a wani gari da ake kira Coningsby, karo na farko ke nan da aka taɓa auna sama da 40 a Birtaniya, kuma jiragen ƙasa sun tsaya, an yi gobara a gefen Landan. Gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi, yawancinsu babu na'urar sanyaya ɗaki, ba kamar soron ƙasa na kakanninmu ba da ke yin sanyi da tsakar rana. Kowace al'umma ta gina rayuwarta a kan yanayinta, kuma abin da ke damuna shi ne mu mun fara barin namu ginin muna rufa kwano a kan bulo ba tare da ko bishiya ɗaya a tsakar gida ba.

Ɗalibi daga Kano ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya na Leeds, daga wane wata ne ake fara kunna na'urar ɗumama ɗaki, kuma kuɗin yana cikin haya?

Mazaunin Leeds ya amsa:

Yawancin gidaje suna farawa a Oktoba, su ci gaba har Afrilu. A masaukin ɗalibai na jami'a galibi kuɗin wuta da gas yana cikin haya, amma a gidan haya na cikin gari sau da yawa kai za ka biya daban, kuma a watannin sanyi yana da nauyi, don haka ka tambaya a rubuce kafin ka sa hannu. Ka kuma sanar da su Hajiya cewa daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, Nijeriya za ta riga ka da awa guda har zuwa ƙarshen Maris, kada su kira su ji ba ka ɗauka ba hankalinsu ya tashi.