Yadda za a sa Requests ya sake aika buƙata da kansa

Ɗalibin Python:
Assalamu alaikum. Manhajata tana karɓo bayanai daga wata sabar ta hanyar Requests, laburaren Python na aika buƙata ta intanet, amma da zarar intanet ya ɗan katse, ko sabar ta dawo da lambar 503, wato ba za ta iya amsawa a lokacin ba, sai aikin ya tsaya cak. Shin akwai yadda laburaren zai sake gwadawa da kansa?

Mai Lambobi:
Wa alaikumus salam. Akwai, sai dai Requests ba ya maimaita buƙata matuƙar ba a umarce shi ba, domin max_retries, wato adadin sake gwaji, sifili ne tun asali. Ka ɗauko Retry daga urllib3, laburaren da Requests ke dogara a kansa, ka ba shi total=3, ka zuba 429, 502, 503 da 504 a status_forcelist, wato jerin lambobin kuskuren da za a sake gwadawa a kansu, sannan ka miƙa shi ga HTTPAdapter, ka maƙala HTTPAdapter ɗin a Session, wanda za ka riƙa aika buƙatunka ta cikinsa, da mount. Ka kuma saka backoff_factor, wanda ke ninka lokacin jira bayan kowane gwaji, saboda sabar da nauyi ya riga ya yi wa yawa ba ta buƙatar a ƙara mata wani.

Malamar Kwamfuta:
Malam, ka yi hattara da POST, wato hanyar aika bayanai zuwa sabar. Da gangan urllib3 bai sa shi cikin hanyoyin da yake maimaitawa ba, domin ta yiwu sabar ta riga ta aiwatar da buƙatar, amsar ce kawai ta ɓace a hanya. Idan biyan kuɗi ne, sai a cire wa mutum sau biyu.

Mai Lambobi:
Haka ne, Malama. Sannan ya saka timeout a kowace buƙata, domin Requests ba shi da wa'adin jira na asali.