Tambaya kan fitilun LED a manyan kayan ado na haske

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na lura cewa kusan duk manyan kayan adon haske da ake kafawa lokacin bukukuwa, kamar na Kirsimeti da sabuwar shekara, har da fitilun watan azumi da aka fara kunnawa a tsakiyar Landan a 2023, sun koma amfani da fitilun LED. Shin rage cin wuta ne kaɗai dalili, ko akwai wani abin da ban gane ba? Sannan na taɓa ganin doguwar igiyar fitilu wadda farkonta fari ne tas, amma ƙarshenta ya koma ja-ja kamar zai mutu. Ina roƙon masana su yi mini bayani.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rage cin wuta gaskiya ne, domin tsohon ƙwan fitila mai zare yana mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zuwa zafi. Lokacin da aka mayar da bishiyar Kirsimeti ta Rockefeller Center a birnin Niyok zuwa LED a 2007, wutar da take ci a kullum ta ragu da fiye da rabi, kuma a yanzu tana ɗauke da fitilu sama da 50,000.

Amma a ganina ba wannan ne ya sauya sana'ar ba. Tun 1962 Nick Holonyak ya samar da LED mai jan haske, sai dai an daɗe ana fama kafin a samu shuɗi mai ƙarfi, har zuwa farkon shekarun 1990, lokacin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka warware matsalar, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Da shuɗi ya samu, sai aka iya haɗa ja da kore da shuɗi a cikin ƙwai guda ƙarami, a fitar da kowane launi ba tare da an rufe fitila da gilashi mai launi ba. Daga nan kowane ƙwai ya zama kamar ɗigo ɗaya a fuskar talabijin, kwamfuta tana umartarsa shi kaɗai. Ƙwallon da aka ƙera a 2008 da fitilu 32,256 domin saukarwa a dandalin Times Square na birnin Niyok a daren sabuwar shekara, da umarnin kwamfuta ya riƙa sauya launi da zane.

Mai Haɗa Wayoyi:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma bari in tsaya kan tambaya ta biyu, domin ita ce ke wahalar da masu aikin. Abin da ka gani, Malam, raguwar ƙarfin wuta ce a tsawon waya. Fitilun da ake sarrafawa ɗaya bayan ɗaya yawanci suna aiki da bolt 5 ko 12, kuma ƙwai ɗaya irin WS2812 yana iya jan kimanin miliamf 60 (miliamf dubu ne ke yin amf ɗaya, ma'aunin yawan wutar da ake ja) idan an kunna shi fari gaba ɗaya. Ka ga ke nan ƙwai dubu za su ja amf 60, wanda nauyi ne babba ga siririyar waya. Idan wutar ta yi rauni a ƙarshen igiya, shuɗi da kore ne ke fara dusashewa saboda sun fi launin ja bukatar ƙarfi, shi ya sa jan yake rinjaye. Maganinsa shi ne a riƙa shigar da wuta daga wurare da dama a tsawon igiyar, ko a yi amfani da waya mai kauri.

Ruwa kuma shi ne abokin gaba na biyu. Sau da yawa ƙwan kansa lafiyarsa ƙalau, mahaɗar waya ce ta sha ruwa ta yi tsatsa, don haka a duba alamar kariya daga ruwa da ƙura, wato IP65 ko IP67, a kan mahaɗa, ba a kan fitila kaɗai ba.

Mai Ɗaukar Hoto:
Ina son in ƙara abu ɗaya daga ɓangaren nishaɗi. Yawanci ana rage hasken LED ne ta hanyar kunna shi da kashe shi da sauri ƙwarai, ido ba ya gani, amma kyamara tana gani, sai hoton ya fito da ratsi-ratsi yana rawa. Duk wanda zai kafa fitilu a wurin da za a ɗauki bidiyo, ya kamata ya gwada su da kyamara tun kafin a ɗaga su sama.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, idan ba damuwa, fitilu nawa layin sarrafawa guda yake iya ɗauka?

Tsohon Injiniya:
A tsarin sarrafa fitilu na DMX512, wanda aka fitar a 1986 domin fitilun dandamali, layi guda yana da tashoshi 512. Tunda kowane ƙwai mai launi uku yana cin tashoshi uku, fitilu 170 ke nan. Idan suka wuce haka, sai a buɗe wani layin.